Wanda Bai Ga Shuwarin Ba, Ba Zai Ga Marsey Ba

Batun yau ya taso ne daga wasu rubuce-rubuce biyu da suka zo hannunmu cikin wata guda. Masu su sun yarda mu yi misali da aikinsu ba tare da ambaton suna ba, kuma muna yi musu godiya, don ba kowa ke yarda a baje aikinsa a faifai ba.

Na farko gajeren labari ne da wata ƙanwarmu daga Dutse ta turo. Labarin soyayya ne, kuma Hausarta ba laifi. Bayan an gama biki, ango ya ɗauki amarya zuwa "wani gari a bakin teku a ƙasar Faransa". Shafi huɗu suka yi a garin. Teku shuɗiya, iska mai daɗi, otal mai hawa ashirin, bishiyoyin kwakwa a jere, suna tafe suna shan askirim. A watan Yuni ne, amma ƙarfe shida da rabi suka yi Magariba, suka fita yawo cikin duhu. Muka tambaye ta sunan garin. Ta yi dariya ta ce, "Ai Malam, garuruwan Turawa duk ɗaya ne."

Na biyu daga wani ɗan uwanmu ne da ke koyarwa a nan Dutse. Shi Allah ya nufa ya je. Wani taro ya kai shi Marsey, garin da masu kallon ƙwallo suka saba ganin an rubuta Marseille, ya yi mako biyu. Ya dawo da hotuna fal waya. Muka roƙe shi ya rubuto wa zaure labarin tafiyar. Rabin shafi ya turo: gari ne mai tsafta, titi babu rami, wuta ba ta ɗaukewa, mutane na bin layi, Allah ya kai ƙasarmu wannan matsayi.

Ɗaya ba ta je ba, ɗaya ya je ya dawo, amma rubutun nasu uwa ɗaya uba ɗaya ne. A cire Faransa a sa Dubai ko Malesiya, babu jimlar da za ta buƙaci gyara. Wannan ne ya sa muke cewa biza ba ita ce matsalarmu ba. Ido ne ba mu horar ba, kuma ido a gida ake horar da shi. Marubucin da ya ratsa kasuwar Shuwarin sau ɗari bai ga abin rubutawa ba, ko an sauke shi a bakin tekun Faransa hoto kawai zai dawo da shi.

Mu ɗan waiwayi tarihi, don kada wani ya ɗauka sauka a gaɓar Faransa sabon abu ne ga Bahaushe. A shekarar 1855 wani yaro ɗan ƙasar Damagaram mai suna Dorugu ya sauka a Marsey. Tun yana ƙarami aka kama shi bawa. Wani Bature mai suna Overweg ya 'yanta shi a Borno, da Overweg ya rasu a 1852 sai ya ci gaba da yi wa Heinrich Barth hidima, Bajamushen nan da mutanenmu suka sani da Abdulkarim. Tare suka je Tumbuktu suka dawo, suka ƙetare Sahara zuwa Tarabulus, suka shiga jirgin ruwa zuwa tsibirin Malta, daga nan Marsey, sai Faris, sai Landan a watan Satumba. A Ingila ya zauna da wani malamin mishan, J. F. Schön, ya riƙa ba shi labarin rayuwarsa da Hausa, shi kuma yana rubutawa. Labarin ya fito a littafin Magana Hausa a 1885. Dorugu ya dawo gida daga baya, ya rasu a Kano a 1912.

Yaron nan bai cika shekara ashirin ba, ba shi da kyamara, ba shi da takardar shaidar wata makaranta. To me ya sa har yau masana ke komawa ga labarinsa? Saboda abin da idonsa ya gani yake faɗa. Da ya zo kan yadda Turawa ke cin abinci, ya tsaya ya bayyana yadda ake zama, da abin da ake kawowa, da yadda ake ci, kamar mai ba ɗan uwansa labari a zaure. Sannan ku lura da inda ya faro: daga gidansu, da gonar mahaifinsa, da ranar da aka kama shi. Da ma'aunin gida ya auna Turai, shi ya sa awon ya fito.

Bayansa ma an yi. A 1943, ana tsakiyar yaƙin duniya na biyu, Abubakar Imam yana editan Gaskiya Ta Fi Kwabo ya bi ayarin editocin Afirka ta Yamma zuwa Ingila, ayarin da har Nnamdi Azikiwe na ciki. Da ya dawo ya rubuta Tafiya Mabuɗin Ilmi. Malam Aminu Kano ma ya bar mana Motsi Ya Fi Zama game da tafiyarsa Turai. Wato rubutun tafiye-tafiye gado ne a adabinmu. Mu ne muka yi sakaci da shi, a daidai lokacin da tafiyar ta fi sauƙi. Yau akwai filin jirgin sama a Dutse, akwai Jami'ar Tarayya da aka kafa a 2011 wadda malamanta ke fita karatu ƙasashen duniya, ga alhazai da 'yan Umara kowace shekara. Matafiya sun ƙaru, labarin tafiya ya ragu.

Akwai kuma ɗaya gefen labarin, wanda ya fi ci mana tuwo a ƙwarya. Shi Barth ɗin da Dorugu ya bi, a 1851 ya shigo Kano, ya wuce ta Gumel a hanyarsa ta zuwa Kukawa. Duk inda ya sauka sai ya tambayi sunan gari, da abin da ake nomawa, da kayan da ke kasuwa, da farashinsu da kuɗin wuri. Ya koma gida ya fitar da littafi mai juzu'i biyar. Yau ɗalibin da ke son sanin yadda kasuwar Kano ko garin Gumel suke a wancan zamani, dole ya leƙa littafin baƙo. Baƙon yana da son zuciyarsa, yana da kurakuransa, amma shi ne ya rubuta. Tambayar da ya kamata ta hana mu barci ita ce: nan da shekara ɗari, wanda ke son sanin yadda Dutse take a zamaninmu, littafin wa zai buɗe? Idan littattafanmu duk a Dubai da Faris suke faruwa, to jikokinmu ma rahoton wani baƙo za su karanta.

Yanzu mu koma Marsey, mu ga abin da ɗan uwanmu ya tsallake. Garin ya fi kowane birni a Faransa daɗewa. Girkawa ne suka kafa shi wajen shekara 600 kafin haihuwar Annabi Isa, kuma shi ne na biyu a yawan jama'a bayan Faris. Yana bakin Bahar Rum, yana fuskantar Aljeriya da Tunisiya. Tsohuwar tashar jiragen ruwan, inda kowa ke tsayawa ɗaukar hoto, yanzu ƙananan jiragen shaƙatawa da na masunta ne suka cika ta. Manyan jiragen kwantena da na mai mafi yawansu can yamma suke tsayawa, a wajen Fos, tafiyar kusan kilomita hamsin. Wato wanda ya tsaya a wurin hoto ya ce ya ga tashar Marsey, kamar wanda ya zo Dutse ne ya ɗauki hoton sakatariya ya ce ya ga Jigawa.

Amma ko a tsohuwar tashar akwai abin gani ga mai ido. Kowace safiya masunta na baje kifin da suka kamo a bakin ruwa, a sayar nan take. Mutumin da ya taɓa tsayawa a madatsar ruwa ta Warwade lokacin da masunta ke fitowa, zai san abin da zai duba: wa ke kama kifin, wa ke sayarwa, a kan sikeli ake awo ko kashi-kashi, ana tayi ko farashi ɗaya ne, ina ake kai wanda ya yi kwantai. Zai gano cewa shahararriyar miyar kifin garin, wadda yanzu ake sayarwa da tsada a gidajen abinci, asalinta abincin masunta ce, da kifin da bai samu mai saye ba suke yin ta. Wannan kaɗai ya isa shafi guda mai daɗi, domin duk wanda ya tashi a gidan mai sana'a ya san yadda ragowar kasuwa ke komawa tukunyar gida.

Daga tashar, tafiyar 'yan mintuna a ƙafa, akwai unguwar Noailles, inda kasuwa ke cike da Larabawan Magarib, da 'yan tsibiran Komoros, da mutanen Afirka ta Yamma. Ga mahauta masu yankan halal, ga kayan yaji, ga dabino. Mutumin Dutse, garin da aka sani da dabino, garin da cibiyar binciken NIFOR ke da reshen dabino a cikinsa, ya tsaya gaban tiren dabinon Tunisiya bai tambayi farashi ba, bai ɗanɗana ya kwatanta da namu ba? Ai an yi asarar kuɗin jirgi.

Sannan garin ba baƙo ba ne gare mu kamar yadda muke zato. A ƙarni na 19 Marsey cibiyar matse mai da yin sabulu ce, kuma gyaɗar Afirka ta Yamma na cikin abin da ya ciyar da masana'antunta. Gyaɗar Damagaram da ta Maraɗi ta daɗe tana biyowa ta Kano, ta hau jirgin ƙasa zuwa Legas, kafin ta shiga jirgin ruwa zuwa Faransa. Layin dogon da ya isa Nguru a 1930, wanda ya ratsa Ringim da Gagarawa da Malam Madori, jigilar amfanin gona irin su gyaɗa ce babbar sana'arsa. Kamfanin CFAO, wanda kakanninmu suka san kantunansa a Kano, a Marsey aka kafa shi a 1887. A watan Agusta na 1944, sojojin Afirka ta Yamma da Faransa ta ɗiba daga ƙasashen da take mulka suna cikin rundunar da ta sauka a wannan gaɓa, ta ƙwato Tulon da Marsey daga hannun Jamus. A garin Fréjus, a gabas da Marsey, har yau akwai wani gini da aka kammala a 1930 a siffar masallacin Jenne na ƙasar Mali, saboda sojojin Afirka da ke sansani a wurin. Duk wannan yana nan a gaɓar da ƙanwarmu ta dasa wa bishiyoyin kwakwa, waɗanda ma ba sa tsiro a can.

Ga wani abin da ya fi shafarmu mu marubuta. Ousmane Sembène na Senegal, wanda ake kira uban fim ɗin Afirka, bai yi nisa a makaranta ba. Ya yi kusan shekara goma yana dako a tashar Marsey, yana karatu a ɗakin karatun ƙungiyar ƙwadago. Littafinsa na farko, wanda ya fito a 1956, a kan ɗan dako baƙar fata ne a wannan tasha. Teku ɗaya suka kalla shi da masu yawon buɗe ido. Su sun ga shuɗin ruwa, shi ya ga wanda ke ɗaukar buhu da wanda ke karɓar riba. Bambancin yana ga tambayar da kowa ya zo da ita.

Tashar jiragen ruwa, in an bi ta a hankali, kasuwa ce da ruwa ya zame wa hanya. Kaya na shigowa, kaya na fita, akwai masu ɗauka, akwai masu awo, akwai dillalai, akwai jami'an da ke karɓar haraji, akwai masu abinci da ke ciyar da su duka, akwai baƙin da suka zo kwana biyu suka shekara talatin. Mu a tsakiyar Jigawa ba mu da teku, amma duk waɗannan muna da su. Ku je Shuwarin ranar kasuwa, a bakin babban titin Kano zuwa Maiduguri. Ku ga manyan motoci a jere ana loda musu hatsi da riɗi. Ku ga 'yan dako da buhu a wuya, da 'yan kamasho suna rabon lodi, da dillali yana sa hannu a buhu ya ɗebo ya duba tsakuwa, da mai tiya yana awo yana ƙirga da baki. Ku je Maigatari ranar Alhamis ku ga yadda dabbobi ke ƙetarowa daga Nijar, da fatoman da ke sauke baƙi ya tsaya musu a ciniki, da yadda ake juya naira da sefa a tafin hannu. Riɗi da zoɓon da ake lodawa a kasuwanninmu, da yawansu tashar jiragen ruwa suka nufa, daga nan su ƙetare teku. Shuwarin da Marsey bakin igiya ɗaya ne, nan farko can ƙarshe. Wanda ya iya bin buhu daga gona zuwa mota, zai iya bin sa daga jirgi zuwa masana'anta.

Mu yi wa kanmu adalci mu tambaya: a cikin labaran da muke turowa wannan zaure, nawa ne suka faru a Dutse ta gaskiya? Garin da ya zama babban birnin jiha a ranar 27 ga Agusta, 1991, ya tashi daga ƙaramin gari ya koma birni a idon iyayenmu. Akwai tsofaffi a Garu da suka san lokacin da inda manyan ofisoshi suke yanzu gonaki ne. Akwai ma'aikacin da ke kwana Dutse Litinin zuwa Alhamis, ranar Juma'a ya kama hanyar Kano wurin iyali, har garin ya yi tsit a ƙarshen mako. Me zai faru ranar da matarsa ta ce ita ma Dutse za ta dawo? Akwai manomin da aka biya diyyar gonarsa, ya ga kuɗin da bai taɓa gani ba, bayan shekara biyu ya koma gadi a ginin da aka yi a kan gonar. Akwai ɗalibar da ta zo jami'a daga Kudu ta kama haya a gidan tsohuwar da ba ta jin Turanci. Akwai duwatsun da suka ba garin suna, da yadda suke riƙe zafi har bayan Isha a watan Afrilu. A Birnin Kudu akwai zanen shanu a jikin Dutsen Habude da Dutsen Mesa, waɗanda masana daga Turai suka zo suka yi nazari, amma da yawanmu ba mu taɓa hawa mun gani ba. Akwai ambaliyar 2022 da ta raba dubban mutanen jihar nan da gidajensu. Duk wannan yana nan yana jiran alƙalami, mu kuwa muna can muna gina otal mai hawa ashirin a garin da ba shi da suna.

Mun san za a yi mana raddi, kuma wasu raddin suna da ƙarfi. Bari mu ɗauke su ɗaya bayan ɗaya.

Wani zai ce ƙagaggen labari ai ƙage ne, marubuci na da 'yancin kai taurarinsa inda ya ga dama, Abubakar Imam ma ai bai je ƙasashen da ke cikin Ruwan Bagaja ba. Gaskiya ne. Amma Imam bai ce mana ga taswira ku je ku duba ba. Duniyar tatsuniya ya gina, kuma ko a cikinta mutanen da muke haɗuwa da su, da wayonsu da kwaɗayinsu da rigimarsu, na kasuwanninmu da zaurukanmu ne. Idan ka ƙirƙiri ƙasa, dokarka ce ke aiki a cikinta. Idan ka ce Faransa, ka ɗauki alkawari da mai karatu, domin Faransa tana nan, kuma wani a cikin masu karatunka ya je, ko ɗan uwansa na can.

Wata za ta ce masu karatu ne ke son haka. Mace ta gaji da wahalar gida, ta ɗauki waya don ta huta, ba ta son a sake kai ta kasuwar hatsi. Wannan ma muna ji, kuma ba mu raina shi ba. Neman hutu a littafi ba laifi ba ne. Sai dai mai karatu ba ta hutawa a wurin da ba ta yarda da shi ba. Abin da ke ɗauke mutum daga ɗakinsa ya kai shi wata ƙasa shi ne ɗan ƙaramin abu na gaskiya. Ku duba misalin Magaribar nan. A ƙarshen watan Yuni rana ba ta faɗuwa a Marsey sai bayan ƙarfe tara na dare. Ku ɗauka amarya ta idar da La'asar, ta zauna jiran Magariba, bakwai ta yi, takwas ta yi, rana na nan fayau, ga shi babu kiran salla daga ko'ina, har ta fara zargin agogonta. Ta shimfiɗa darduma ta fuskanci inda ta saba, ango ya ce mata a nan alƙibla gabas maso kudu take, ba gabas maso arewa irin ta Dutse ba. A wannan ɗan lokaci ne za ta fara jin nisan gida, ta tuna mahaifiyarta, wataƙila ma a nan rigimarsu ta farko za ta tashi. Wannan ya fi askirim kai mai karatu Faransa, kuma ya ba labarin abin da zai tsaya a kai.

Wani kuma zai ce to mu da ba mu da kuɗin jirgi, sai mu haƙura da rubuta ƙasashen waje ke nan? A'a. Ba mu ce sai wanda ya je ba. Mun ce sai wanda ya bincika. Lokacin faɗuwar rana a kowane gari na duniya yana intanet. Taswirar titunan Marsey tana cikin wayarka. Akwai bidiyon kasuwar kifin a YouTube. Fiye da haka, akwai mutane. A jami'a akwai waɗanda suka yi karatu a Turai, a Maigatari da Damagaram akwai masu 'yan uwa a Faransa. Ka zauna da ɗaya ka tambaye shi abin da ya fi ba shi wahala a makon farko, da abincin da ya kasa ci, da ranar da ya fi kewar gida. Sai dai a nan ma maganar ta dawo inda muka faro: wanda bai saba yi wa mai tiya a Shuwarin tambaya ba, ba zai san abin da zai tambayi wanda ya dawo daga Marsey ba.

Ga ɗan uwanmu da ya je kuwa, da duk wanda Allah zai ba dama nan gaba, shawararmu ita ce a rage yabo da kushe, a ƙara bayani. "Sun ci gaba, mun ci baya" hukunci ne, kuma mai karatu ya riga ya ji shi sau dubu. Abin da bai ji ba shi ne nawa ka sayi burodi, wa ya share titin da ka ce yana da tsafta, ƙarfe nawa ya fito, daga wace ƙasa iyayensa suka zo. Shin a garin babu unguwar talakawa? Akwai, domin unguwannin arewacin Marsey sun yi suna a Faransa wajen talauci da rashin aikin yi, kuma a 2018 wasu tsofaffin gidaje sun rufta a unguwar Noailles ɗin nan, mutum takwas suka mutu. Matafiyin da ya ga kyau kaɗai rabin gari ya gani, haka ma wanda ya ga muni kaɗai. Baƙo raɓa ne, ba zai san komai a mako biyu ba, amma zai iya riƙe ɗan littafi a aljihu ya rubuta abu biyar kowane dare kafin ya kwanta: abu ɗaya da ya gani, ɗaya da ya ji da kunne, ɗaya da ya shaƙa, farashi ɗaya, da magana ɗaya da wani ya faɗa masa. Bayan kwana goma sha huɗu yana da abu saba'in. Daga nan ake fara rubutu.

Mun koma wurinsa da waɗannan tambayoyi, sai ga shi ashe ya ga abubuwa da yawa, bai dai ɗauke su abin rubutawa ba ne. Ya tuna wata iska mai ƙarfi da ta taso daga arewa ta kwana biyu tana kaɗawa, wadda mutanen garin ke kira mistral, ya ce ta tuna masa da hunturu sai dai ita ba ta ɗauke da ƙura, sararin sama ma wankewa take yi. Ya tuna wani dattijo mai gyaran koma a bakin ruwa, yana riƙe da zare da yatsan ƙafa kamar yadda masuntan Hadeja ke yi. Muka ce masa to ai ga labarin nan, me ya sa ka ba mu titi da wutar lantarki? Ya ce ya ɗauka abin da ake son ji ke nan. Yanzu yana sake rubutawa, kuma in sha Allahu za mu kawo muku shi a zaure idan ya kammala. Ita ma ƙanwarmu ta ba garinta suna, ta sare bishiyoyin kwakwar, ta ce amaryar ma yanzu 'yar Kiyawa ce.

Aikin wannan mako ga shi. Kowa ya zaɓi wuri ɗaya da bai fi tafiyar awa guda daga gidansa ba: kasuwa, tasha, bakin dam, maƙera, wurin masu sayar da dabino a bakin titi, ko layin asibiti. Ka je kamar baƙon da ya sauka yau, ka yi aƙalla awa ɗaya, waya na aljihu. 'Yan uwa mata da fita ke yi wa wuya, gidan biki ko gidan mai ƙosai na unguwa ya wadatar. A rubuto kalma 400. Sharaɗi uku ne: a ambaci sunan wurin, a kawo farashin abu ɗaya da aka tambaya da baki, kuma kada kalmar "kyau" ko "daɗi" ta fito ko sau ɗaya. A turo kafin daren Alhamis. Waɗanda suka fi fito da wurin za mu ɗora su a nan mako mai zuwa, mu yi sharhinsu tare.

Wanda ke da ja a kan abin da muka faɗa, ƙofa a buɗe take, a yi shi cikin mutunci kamar yadda aka saba. Allah ya ƙara mana basira, ya yi wa alƙalumanmu albarka.